Layi Goma

Takarda ta iso daga Merida da shuɗin hatimi:
a rubuta tarihin gari a layi goma,
za a kafa allo a bakin kwalta
domin masu wucewa.
Shugaban ƙaramar hukuma ya turo mini ita da yatsa,
ya ce, "Nikanor, kai ne mai biro."

Shekara talatin ina cika littafin haihuwa da mutuwa,
biro bai taɓa yi mini nauyi ba sai ran nan.

Ta ina zan kama?
Ta coci?
A bangonsa na gabas akwai dutse mai kan maciji,
an gina shi a kife.
Kakanninmu suka sassaƙa shi,
jikokinsu suka sauko da shi daga tudu
da igiya a goshi, bulala a baya.
Yanzu ƙadangare ke shan hantsi a kansa.

Na tarar da Eusebiya Kawich a bayan ɗaki
tana wanke masarar da ta kwana cikin farar ƙasa,
ruwan na bin gwiwar hannunta.
Ta ce, "Rubuta an taɓa barin garin nan.
Shekarar yaƙi kowa ya faɗa daji.
Kakar kakata ta ce da suka komo
itace ya tsiro a tsakiyar coci,
barewa ta haihu a wurin durƙuso.
Gida bakwai suka komo.
Ƙirga mu yanzu."

Dubu biyu da ɗari uku da sha ɗaya, na ce,
in an haɗa da masu gyaran gado
a otal-otal na bakin teku,
waɗanda ke sauka motar Asabar da dare,
'ya'yansu na jin harshen Maya
amma su amsa da na makaranta.

Felisiyano Dzib yana wurin zumarsa,
zumar nan da ba ta harbi,
mai kwana a kogon gungume.
Bai ɗago kai ba.
"Rubuta igiya," in ji shi.
"Kakana ganye dubu yake yanka kafin rana ta take,
ganye mai ƙaya a baki,
a tsefe zarensa, jirgi ya kwashe.
Kwabon da aka biya shi
ba ya ciyuwa sai a kantin mai gona.
Da ya rasu, bashin ne ya fara yi wa babana gaisuwa."
Bututun hayaƙin injin na nan har yau,
jemagu sun gaje shi.

To ruwa fa?
Mu ba mu da kogi.
Ruwanmu a ƙarƙashin dutse yake tafiya,
sai ka sauka tsani ashirin cikin duhu
ka same shi yana kallonka.
In sama ta yi rowa, masara ta naɗe ganye,
maza su kafa tebur a gona,
a zaunar da yara huɗu ƙarƙashinsa
su yi ta kukan kwaɗi.
Ni ma na yi, ina ɗan shekara tara.
An yi ruwa ran Talata.
Wa zai yarda da wannan a kan allo?

Na koma ofis.
Na rubuta shekara, na rubuta yawan jama'a,
kilomita nawa zuwa birni,
sunan waliyyin gari da ranar bikinsa.
Layi goma cif.
Sauran na zuba shi a bayan littafin haihuwa,
inda takarda ta rage fara.

An kafa allon a watan shuka.
Mai fenti ya ci harafi ɗaya a sunan garin,
motoci ba sa rage gudu.
Jikanyar Felisiyano ta jera kwalaben zuma a ƙarƙashinsa.
Ta ce mini inuwar ba laifi,
da dai an ƙara masa faɗi.